Yadda marini zai tsare mafitsararsa daga gubar benzidin da ke cikin hodar rini

Duk wanda ya daɗe a sana'ar rini, a Garwa yake ko Marwa ko Kusiri a arewacin Kamaru, ya san soda, wato sinadarin nan mai ƙuna da ake haɗa ruwan rini da shi, kuma yana shakkarta, domin da ta taɓa fata za a ji ta nan take. Haidiro ma, farar hodar da ake haɗawa da soda wajen rinin shadda, warinsa kaɗai ya isa ya sa mutum ya kau da kai. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ba ya ƙuna, ba ya wari, ba ya ƙaiƙayi, wato sinadarin benzidin, wanda da shi ake haɗa wasu kalolin hoda masu arha, galibi baƙi, ruwan ƙasa, shuɗi mai duhu da ja. Yana shiga jiki kaɗan-kaɗan, ya yi ɓarnarsa a ɓoye, ɓarnar ta kwanta shekara 15 ko 20, wani sa'in ma har 40, sannan ta bayyana a matsayin sankarar mafitsara. Kafin nan mai sana'ar ya manyanta, wataƙila ya bar wa 'ya'yansa marinar, babu kuma wanda zai haɗa jinin da ke fita a fitsarinsa da baƙar hodar da ya riƙa aunawa yana saurayi.

Maganar ta daɗe a hannun likitoci. A 1895 wani likitan tiyata a birnin Frankfurt na Jamus, Ludwig Rehn, ya lura da ƙari a mafitsarar ma'aikatan wata masana'antar kala. An ɗauki shekaru masu yawa kafin a tabbatar da sinadaran da ke jawo shi, benzidin da danginsa irin su beta-naftilamin. Ingila ta haramta sarrafa su a 1967. Tarayyar Turai kuma a 2002 ta hana sayar da tufafi da kayan fata masu taɓa jiki idan kalarsu tana sakin irin waɗannan sinadarai fiye da miligiram 30 a kilo ɗaya. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya benzidin a rukuni na 1, rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam, ta kuma haɗa da kalolin da ke komawa benzidin bayan sun shiga jiki. Sai dai dokar Turai mai saye a Turai take karewa. Hodar da ke iso mana ta Duwala ko ta kan iyakar Najeriya, a ƙulle cikin farar leda ba suna ba lamba, mu ne za mu tsare kanmu daga ita.

Ya kamata a fahimci yadda abin yake aiki, domin duk matakan da ke tafe a kansa suka ginu. A cikin irin wannan kala, benzidin yana nan kamar mugun sa da aka ɗaure da igiya biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. Muddin igiyoyin na nan, kala ce kawai. Abubuwa uku ne ke tsinka su: ƙwayoyin halittar da ke cikin hanjin mutum da hantarsa idan ya haɗiye hodar, ƙwayoyin da ke kan fata mai gumi, sai kuma haidiro. Da zarar an tsinka, benzidin ya shiga jini, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta tace shi, ya taru a mafitsara yana jiran a yi fitsari. Zaman da yake yi a nan ne yake lalata fatar cikin mafitsara. A birnin Kyoto na Japan an ga cutar ta yi yawa a tsakanin masu zanen tufafin alharini waɗanda suka saba lasar bakin buroshinsu don ya yi tsini. Ɗan abin da ke taɓa harshe kullum, shi ne ya taru ya kai su.

Mataki na farko: tun daga wurin saye

A nan rabin aikin yake. Idan ka shiga shagon mai kala, nemi ganin durom ko kwalin da aka ɗebo hodar daga ciki, ka karanta ko ka ɗauki hoton takardar da ke jikinsa da wayarka. Sunaye huɗu nake so kowane marini ya haddace, ko ya rubuta a bangon marina: Direct Black 38, Direct Blue 6, Direct Brown 95, da Direct Red 28 wanda ake kira Congo Red. A takardar Faransanci za ka gan su a matsayin Noir direct 38, Bleu direct 6, Brun direct 95 da Rouge Congo. Wani kwalin lamba kawai yake ɗauke da ita bayan haruffan C.I.: 30235 ita ce baƙar, 22610 shuɗiyar, 30145 mai ruwan ƙasa, 22120 kuma jar. Duk wadda ka gani cikinsu, bar ta a shagon komai arharta. Haka idan ka ga hoton ƙirjin mutum da tauraro a tsakiya cikin jan murabba'i, tare da lamba H350, ma'anarsa abin na iya sa sankara.

To amma gaskiya ita ce mafi yawan abin da ake sayar mana a ƙulle yake, cokali-cokali. A nan sai a duba halin kalar. Wadda ke narkewa a ruwan zafi da ɗan gishiri, ta kama auduga ba tare da soda da haidiro ba, ta kuma riƙa zuba duk lokacin da aka yi wanki, ita ce irin da ake kira dairek. Ba kowace dairek ce aka haɗa da benzidin ba, amma ido ba ya bambancewa, saboda haka baƙa ko ja ko ruwan ƙasa marar suna a ɗauke ta a matsayin mai guba har sai an ga takardarta. Ja tana da ɗan gwajin da za a iya yi a gida: a narka ɗan mitsitsi a ruwa cikin kwalbar da ba za a ƙara amfani da ita ba, a matsa ruwan lemun tsami a kai. Idan ta rikiɗe ta koma shuɗiya ko shunayya mai duhu, alama ce ta Rouge Congo ko 'yar uwarta, a rabu da ita. Idan ba ta canza ba, wannan bai wanke ta ba, gwajin wannan irin kawai yake kamawa.

Mafita ita ce a koma wa kalolin da ba su da alaƙa da benzidin. Baba da shuninmu na gado suna ciki. Kalar indantiren da masu rinin shadda ke amfani da ita tare da soda da haidiro ma tana ciki, kuma ta fi riƙe launi nesa ba kusa ba. Akwai kuma wadda ake kira riyaktif, mai kama auduga a ruwa mai ɗumi, sai dai ƙurarta na iya sa asma ga wanda ke shaƙa. Sun fi tsada, na sani, kuma mai kawo ɗinki ba ya son jin ƙarin kuɗi. Shawarata ita ce marinan unguwa ɗaya su haɗa kuɗi su sayi durom guda mai takarda su raba a tsakaninsu. Hakan ya fi arha a kan cokali-cokali, kuma mai sayen durom yana da bakin da zai ce wa dillali ya kawo masa takardar bayanin haɗari, wadda a Faransanci ake taƙaita ta da FDS.

Wannan gargaɗin ya shafi dukawa da majeman Marwa, domin baƙar kalar nan ana rina fata da ita, ya kuma shafi mata masu rina kaba don saƙa tabarma da faifai. Faifai kuwa a kan tuwo yake kwana.

Mataki na biyu: ajiya

Hodar rini ba ta kwana a ɗakin da mutane ke kwana, ba ta kuma zama kusa da gero ko garin tuwo. A zuba ta a bokitin roba mai murfi, a rubuta suna a jiki, a ɗora a kan kanta sama da inda hannun yaro zai kai, a ɗaki mai makulli. Kada a juye ta a gwangwanin madara ko robar da aka san ta da abinci. Haidiro yana bukatar kulawa ta daban: idan danshi ya shige shi yana yin zafi da kansa har ya kama wuta, don haka da damina a ɗaga shi daga ƙasa, a nesanta shi da inda rufi ke yoyo, da ruwan batir, da javel, wato ruwan bilic mai sa kaya fari.

Mataki na uku: shigar aiki

A ware kayan aiki daban, riga mai dogon hannu da wando, a bar su a marina. A kansu a ɗaura gaban roba, ko da buhun leda mai kauri ne aka yanka. Takalmin roba mai tsawo ya zama dole, domin mai silifa yana tsaye ne cikin ruwan kala tun safe, tafin ƙafa kuma da hunturu a tsage yake da faso.

Safar hannu ta zama mai kauri, ta nitiril ko baƙar roba, mai kaiwa gwiwar hannu. Siririyar nan ta asibiti ba ta kai ko'ina, kafin a matse shadda biyu ta yage. Kowace safiya a hura mata iska a murɗe bakinta, a saurara ko tana fita. Wadda ta huje a jefar, domin idan kala ta shiga ciki ta haɗu da gumi, ta kwanta a kan fata na tsawon sa'o'i, hakan ya fi hannu tsirara illa. Na san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da yake wuce digiri 40, ba ya barin mutum ya so roba a jikinsa. Amma lokacin ne fata ta fi jiƙewa da gumi ta fi shan abin da ya taɓa ta. Gara a mayar da aikin tukunya zuwa bayan sallar asuba, a bar shanya da ninki ga tsakar rana.

Don ƙura kuma, takunkumi mai lamba FFP2 ko FFP3 ake bukata. Rawani ko mayafi ko takunkumin yadi ba ya tare ƙurar kala, sai ma ya tara ta a bakin hanci. Mai gemu ya sani cewa takunkumin ba ya zama daram a fuskarsa, iska na bi ta gefe, saboda haka shi ya fi kowa bukatar bin mataki na gaba sau da ƙafa. A ƙara da tabarau mai rufe gefen ido duk lokacin da za a taɓa soda.

Mataki na huɗu: auna hoda da dama ta

Cikin duk aikin yini, 'yan mintunan nan na buɗe leda da juye hoda su ne mafi haɗari, kuma su ne aka fi yi da sakaci. Ƙurar da ta tashi ba duka take tafiya huhu ba. Yawancinta na maƙalewa a hanci da maƙogwaro, majina ta gangaro da ita, a haɗiye, ta isa hanji inda ake tsinka igiyoyin nan. Wanda ya fyace majina da yamma ya ga ta yi baƙi ko ja, to ya san ya sha kala a ranar.

A zaɓi wuri a waje, a inuwa, inda bango ya tare iska. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa da ƙarfi a jinkirta ko a koma lungu, kuma kada a kunna fanka. A kori yara da awaki da kaji daga wurin. Mace mai ciki ko mai goyo kada ta yi wannan aikin ko ta tsaya kusa. Kada kuma a ba almajiri ko ƙaramin yaron shago shi don kawai aiki ne mai sauƙi. Wanda ya fara shaƙa yana shekara 12 yana da dogon zamani a gabansa da cutar za ta samu ta nuna, ya fi dattijo asara.

A shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma ko jiƙaƙƙiyar takarda a ƙarƙashin ma'auni don ta kama abin da ya zube. A yanka bakin ledar da almakashi, ba da haƙori ba. A ɗebi hodar da cokali mai dogon mariƙi wanda ba ya komawa kicin har abada. A fara zuba ɗan ruwa a kwano, sannan a sauke cokalin har ya kusa taɓa ruwan kafin a juye, kada a zubo daga sama. A dama a hankali har ta zama kamar kwaɓi mai kauri, babu sauran busasshen gari, sannan a ƙara ruwa a kai tukunya. Hodar da ta jiƙe ta daina tashi. Ledar da ta ƙare kada a kakkaɓe ta ko a hura mata iska don a cinye ragowar, a tsoma ta cikin ruwan kalar a ɗauraye. Bayan an gama a rufe bokiti, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma. Tsintsiya busasshiya ba ta shiga wurin awo.

Ga masu aiki da soda, ruwa ake fara zubawa, mai sanyi, sannan a riƙa sa sodar kaɗan-kaɗan ana motsawa da sanda. Idan aka zuba ruwa a kan soda tana tafasa ta yi tsalle zuwa fuska. Kada a dama ta a tukunyar alminiyom, tana cinye ta. Rabin durom na ƙarfe ko roba mai kauri ya fi.

Mataki na biyar: kada haidiro ya haɗu da kalar dairek

Wannan shi ne abin da na ga marina da yawa ba su taɓa ji ba, kuma in da mataki ɗaya kawai za a riƙe daga wannan rubutu, shi nake so a riƙe. Haidiro aikinsa ke nan tsinka irin igiyar da ta ɗaure benzidin. Ɗakunan gwaji na Turai ma, idan suna son su gano ko yadi na ɗauke da haramtacciyar kala, da wannan sinadarin suke jiƙa shi, benzidin ya fito fili su auna. Wato abin da suke yi a cikin ƙaramar kwalba a rufe, shi marini ke yi a buɗaɗɗen durom da hannunsa a ciki.

Hanyoyi uku ne hakan ke faruwa. Ta farko, a ga baƙin indantiren bai yi duhu sosai ba, sai a ƙara masa cokali biyu na baƙar hoda mai arha a tukunya ɗaya. Launin ma ba ya ƙaruwa, domin haidiro na kashe ta, guba kawai aka saki a ruwan. Ta biyu, cire launi: mai kaya ya kawo tsohuwar atamfa ko shaddar da rininta ya ɓaci, a dafa ta da haidiro don ta yi fari a sake rinawa. Ba ka san da wace kala aka rina ta da farko ba. Idan dole ne a yi, a yi a fili, da doguwar safa da sanda, a tsaya ta inda iska ke fitowa, a ɗauki ruwan da ya fita a matsayin mafi guba cikin duk ruwan marina ko da ya yi haske kamar ba komai. Ta uku ita ce ta fi ba ni tsoro: wanke hannu da haidiro don launi ya fita kafin a tafi biki ko masallacin Juma'a. Wannan sakin benzidin ne kai tsaye a kan fata. Javel ma kada a yi da shi, yana cinye fata ya buɗe wa kala ƙofa. Hannu mai launi ba abin kunya ba ne ga marini, zai koɗe da kansa cikin 'yan kwanaki.

A ware tukunya da sanda da bokiti na dairek daban, in har akwai sauranta da ake son ƙarar da ita, a yi musu alama da fenti. Kuma a sani takunkumin ƙura ba ya tare warin haidiro, iskar fili ce kawai maganinsa.

Mataki na shida: baki

Babu ci, babu sha, babu goro, babu taba a inda ake rini. Butar shayi da kofuna su zauna a wata rumfa daban. Waya ma a bar ta a aljihun rigar gida, domin hannu mai kala na taɓa ta, ita kuma ta taɓa kunci da leɓe.

Kafin cin abinci a cire safa, a wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudu daga buta har zuwa gwiwar hannu, a goge ƙarƙashin farce da tsohon buroshi. Mu da hannu muke cin tuwo, miya mai zafi da mai kuma tana kwaso abin da ya maƙale a yatsu. Haka kafin alwala: a fara yin wankin sabulu tukuna, domin da tafin hannun nan za a ɗebi ruwan kurkure baki da shaƙa hanci, sau biyar a yini. Kafin kama ruwa ma a wanke hannu, fatar wurin siririya ce.

Akwai masu shan madara ko kindirmo bayan aiki da niyyar wanke gubar. Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta fitar da benzidin daga jiki. Abin da ke da ɗan amfani shi ne shan ruwa isasshe da rashin riƙe fitsari, don kada abin da ƙoda ta tace ya daɗe a mafitsara. Taba kuwa, hayaƙinta na ɗauke da dangin wannan sinadarin, ita ce ma babbar mai jawo sankarar mafitsara a duniya. Marini mai shan taba ta hanya biyu yake tara wa mafitsara ɗaya.

Mataki na bakwai: ɗauraya, ruwan datti da tashi daga aiki

A ɗauraye kaya har sai ruwa ya fita fes kafin a shanya. Kalar da ba ta kama zare ba tana bushewa a saman yadi, ta tashi a fuskar mabuga lokacin bugu, ta kuma sauka a jikin mai sawa idan ya yi gumi. Zanen goyo da kayan jarirai kada a rina su da kalar da ba a san asalinta ba, jariri tsotsar bakin zane yake yi.

Ruwan tukunya kada a kwarara shi a lungu ko a kwata mai gangarawa Binuwai ko Mayo Kaliyawo ko Logon. A Marwa da rani mutane na tona yashin mayo, wato busasshen kogi, su ɗebi ruwa, abin da aka zuba a sama shi ke tsatsafowa a ƙasa. A tanadi durom biyu, a bar ruwan ya kwana ya kwanta, a tsiyaye na sama zuwa rami na musamman mai murfi, wanda ke nesa da rijiya da aƙalla mita 30 kuma ta ɓangaren gangare. Laka ta ƙasa a kwashe ta tun tana da danshi, a ƙulle a leda biyu. Kada a yi mata irin yadda ake yi wa katsin karofin baba, wato a shanya a ƙona a mayar. Ledojin kala kada su shiga murhu, kada kuma a bar su a bola inda yara ke tsince-tsince. Durom ko jarkar da ta ƙare a huda gindinta, domin in ba haka ba gobe za a gan ta a wani gida cike da ruwan sha.

In an tashi, a yi wanka da sabulu a marina ko da isa gida kafin a ɗauki yaro. Kayan aiki a wanke su daban, mai wankin ya sa safa. Maigida, kada ka tura wa uwargida su ta haɗa da kayan yara a baho ɗaya.

Idan hoda ta zube a ƙasa, a rufe ta da jiƙaƙƙen yashi a kwashe da shebur. Idan ta zubo a jiki, a tuɓe rigar a wanke da sabulu nan take. Idan soda ta shiga ido, a buɗe idon a riƙa kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20 ba tsayawa, sannan a tafi asibiti ko da zafin ya lafa. Yaron da ya haɗiye soda kada a sa shi amai, a garzaya da shi tare da ledar abin da ya sha.

Mataki na takwas: duba fitsari, da abin da za a gaya wa likita

A nan ƙasar tamu take da wani tarko na musamman. Mun saba da tsargiya. A kewayen madatsar Lagdo, da gonakin shinkafar Yagwa da Maga, da bakin tafkin Cadi, yaro ya yi fitsarin jini ba abin mamaki ba ne, ana ma raba wa 'yan makaranta maganin firazikwantel. Saboda haka babba ya ga jini sai ya ce tsargiya ce ta dawo, ya sayi ƙwaya a kemis ko ya sha jiƙo. Jinin ya ɗauke, hankalinsa ya kwanta. Sankarar mafitsara kuwa haka take yi da farko: jini ba tare da ciwo ba, ya zo yau, ya ɓace wata biyu ko uku, ya sake dawowa. Ɗaukewarsa ba warkewa ba ce. Ita kanta tsargiyar, idan ta daɗe ba magani, tana cikin abubuwan da ke jawo sankarar mafitsara, don haka marinin da ya taso a bakin ruwa yana da dalili biyu na zuwa a duba shi.

Duk wanda ya yi shekaru yana rini, ko ya bari tuni, idan ya ga fitsarinsa ya yi ja ko ruwan shayi ko da sau ɗaya ne, ko ya ga gudan jini, ko yawan fitsari da zafi sun ƙi jin maganin sanyi, ya tafi asibiti a makon. Mace da ta daina al'ada ta ga jini ita ma haka. In an shiga wurin likita kada a tsaya a "ina fitsarin jini". A ce masa: "Likita, ni marini ne, shekara kaza ina aiki da hodar kala, an ce tana taɓa mafitsara." Wannan jimlar tana canza irin gwajin da zai rubuta. A nuna masa hotunan takardun kalar da aka ɗauka a waya.

Za a fara da gwajin fitsari, a nemi jini da ƙwan tsargiya da ƙwayoyin cuta. In an samu ƙwai a sha magani, amma a koma bayan 'yan makonni a sake gwaji. In ba a samu ƙwai ba, ko jinin ya dawo bayan magani, a nemi hoton eko, wato sikanin irin wanda ake yi wa masu ciki, na mafitsara da ƙoda, a kuma roƙi takardar turawa zuwa likitan mafitsara a babban asibitin Garwa ko Marwa ko Njamena. Gwajin da ke yanke hukunci shi ne na siririyar kyamara da ake zurawa ta mafitar fitsari a leƙa ciki. Mutane na jin nauyinsa, na fahimta, amma 'yan mintuna ne kuma ana sa maganin kashe zafi. Ƙarin da aka kama tun yana saman fatar mafitsara, bai nutsa cikin tsoka ba, ta wannan hanyar ake kankare shi ba tare da an tsaga ciki ba, sai dai a riƙa komawa dubawa domin yana iya sake tsirowa. Wanda aka bari ya nutse kuwa yakan kai ga cire mafitsarar ɗungurungum.

Ko babu alamar komai, wanda ya shekara goma a sana'ar, ko ya haura 40, ya riƙa kai fitsarinsa gwaji sau ɗaya a shekara, domin akwai jinin da ido ba ya gani sai na'ura. Sarkin marina ko shugabar ƙungiyar mata masu rini za su iya tsayar da wata guda, misali bayan babbar sallah lokacin da aiki ya yi sauƙi, a tafi tare. A sayi littafi guda a rubuta sunan kowa, shekarar da ya fara rini, irin kalolin da ya yi aiki da su, da ranar gwajinsa na ƙarshe, a sa har da tsofaffin da suka ajiye sana'ar da yaran da suka koma acaba ko kasuwa.